Idan Na Gabanka Ya Tashi

…kuma ai ba ita ta ce a kawo kujera ba. Wa ya kawo? Ga ta nan an ajiye dab da allo, har da ɗan matashi a kai, sai ka ce wadda aka zo dubiya. Shekara da shekaru tana koyar da lissafi a ajin nan, wannan ajin dai mai tagar da ba ta rufuwa, wa ya taɓa ganin ta a zaune? Jaka za ta ɗora a kai. Yauwa. Jaka ta samu wurin zama, magana ta ƙare.

Sun miƙe suna gaishe ta. Muryar ta yi laushi da yawa. Da can in ta shigo, a tsorace gaisuwar ke fita, kowa na laluben aikin gida a ƙarƙashin benci. Yau kuwa lallaɓa ta suke yi, kamar masu tsoron kada ƙara ta fasa ta. To ita ba ƙwai ba ce. Ku zauna — a'a, ba da hannu ba, da baki za ta faɗa. Ku… zau… na. Ya fita. Ya ɗan karkace ta gefen dama, amma ya fita, kuma sun zauna.

Can bencin ƙarshe ga Shugaban makaranta, ya cusa dogayen ƙafafunsa ƙarƙashin teburin yara. Kusa da shi sabon malamin da aka damƙa wa ajinta tun ranar da ta faɗi. Shugaba! Yaron da ta koyar a ɗakin nan, mai hanci kullum a jiƙe, yau shi ne da tumbi da tabarau. Shi ya zo har gida kwanan baya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye: ba ni na ce ba, Malama, hukumar makaranta ce ta ce, akwai wuri a ɗakin karatu, ba hayaniya, ba tsayuwa, littattafai kawai za ki riƙa lura da su… Lura da littattafai! Guduwa za su yi? Ta so ta gaya masa haka, bakin ya ƙi. Abin da ya samu fitowa shi ne: darasi ɗaya. Ka ba ni darasi ɗaya, ka zauna ka gani. Ya sunkuyar da kai ya ce to. In ta iya, aji nata ne. In ta kasa… shi bai ƙarasa ba, ita ma ba ta ƙarasa masa ba.

Alli. Ina allin? Ga shi a gefen allo, sabo fil, wani ya zaɓo mata mai laushi. Su dai ba za su daina ba.

Hannun dama yana nan rataye cikin mayafi, ya dunƙule kamar mai fushi da kowa. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita — suna mai tsawo ga abin da ya faru kafin ƙiftawar ido. Da safe ne, tana zuba shayi, kofin ya suɓuce, ta sunkuya za ta ɗauka sai ƙasa ta taso ta same ta… A'a. Ba yanzu ba. Hagu ne zai rubuta yau. Wata da watanni tana horar da shi kamar ɗan aji ɗaya, a kan katakon da maigida ya shafa wa baƙin fenti ya jingina a tsakar gida. Tsohon mai gyaran wuta, da rabonsa da lissafi tun yana yaro, shi ne ya zama ɗalibinta tilo. Ya zauna kan tabarma, ya harɗe ƙafa, ya ɗaga hannu yana cewa Malama fitsari nake ji, don dai ta yi dariya. Yana waje yanzu, bakin ƙofar makaranta, cikin tsohuwar motarsa. Ya ce ba inda za shi. In kika faɗi gaban yara fa? haka ya tambaye ta ɗazu yana ɗaura mata takalmi, bai ɗago kai ba. Sai su ɗaga ni, ta ce. Bai yi dariya ba.

To ka gani, maigida, a tsaye nake.

Ɗaya. Ta rubuta shi shi kaɗai a gefen allo. Ƙarƙashinsa ɗaya da uku. Ƙarƙashi kuma ɗaya da uku da biyar. Sannan ɗaya, uku, biyar, bakwai. Lambobin mara, waɗanda in an raba biyu sai ɗaya ya yi saura. Ukun ya ɗan kwanta, bakwai ɗin kamar zai tuntsura, amma ana karantawa. Wa zai ce ba a karantawa? Ta taɓa ganin rubutun sabon malamin nan a takardar da aka kawo mata gida, da hannun damansa lafiya lau, kamar kaza ta yi tono.

Ba ta tambaya da baki ba, allin kawai ta ɗora gaban layi na biyu ta juyo ta dube su. Can sai wani ya ce huɗu. Na ƙasa? Tara. Na ƙasa? Goma sha shida — yanzu da yawa suka faɗa tare. Ɗaya, huɗu, tara, goma sha shida. Ku duba da kyau. Ku duba… Yauwa, ga shi nan, ga idon ya fara buɗewa a layin tsakiya, ga wani yana zungurar na kusa da shi. Biyu sau biyu! Uku sau uku! Huɗu sau huɗu! Wannan ƙarar, wannan 'yar hayaniyar ta masu gano abu da kansu — ita ce ba a samu a ɗakin karatu. A gaya wa hukuma.

Sama can ta miƙa hannu ta rubuta maganar gaba ɗaya: in ka tara lambobin mara na farko guda n, abin da za ka samu shi ne n sau n. Kafaɗar ta yi ƙara. Ba komai.

Gaskiya ne? Sun ce e. Kullum? Sun ce e, Malama, kullum. Haka suke cewa kowace shekara, bakinsu ɗaya, sun gwada huɗu sun ga ya yi, shi ke nan duniya ta zauna lafiya.

Shi ma haka ya ce. Wancan na bencin ƙarshe, Shugaba, lokacin yana da gajeren wando. Ya kwana biyu yana tarawa, shafi bayan shafi, har ya wuce hamsin, ya kawo mata yana ƙoƙarin ɓoye murmushi, yana jiran a ce a tafa masa. Ta duba, duk daidai, ko ɗaya bai kuskure ba. Ta ɗauki jan biro ta rubuta masa kalma biyu a ƙasa. Ina hujja? Har ya yi kwanaki ba ya gaishe ta, in ya hango ta sai ya bi ta bayan famfo. Daga nan sunan ya bi ta — Malama Ina-Hujja. Suna tsammani ba ta sani ba. Ta sani sarai, har a bangon banɗakin yara an rubuta, kuma ba ta sa an goge ba. Suna ne mai kyau. Wasu malaman da me ake kiran su?

Hamsin ba kullum ba ne. Dubu ma ba kullum ba ne. Lambobi ba su da bango, duk inda ka tsaya ka ce na gaji, akwai na gaba yana jiran ka…

Ƙirga mini, Malama. Yarinyar asibiti, mai koya wa marasa lafiya magana, ƙanƙanuwa, sa'ar autarta. Ƙirga mini daga ɗaya. Ita! Ita za a ce wa ta ƙirga daga ɗaya! Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida… shida… Ga shi tana ganin sa, ga siffarsa tsaye a gabanta da ɗan wuyansa a karye, ta san ba ya rabuwa biyu, ta san shi ne kwanakin mako, ta san komai nasa — sunan ne babu. An share. Maigida a gefen gado yana motsa leɓe zai raɗa mata, ta harare shi da idon da ke aiki. Satar amsa? A gabanta? Yarinyar ta ce ba komai, gobe ma rana ce, kin yi ƙoƙari. Ƙoƙari! Amma ko a ranar, ko da hawaye na gangarowa cikin kunnenta, abu ɗaya bai ɓace ba: ta san akwai na gaba. Sunansa ya tafi, shi bai tafi ba. Wanda ya san wannan kuwa bai rasa lissafi ba, ko likitoci nawa za su taru.

Suna jira. Ta daɗe shiru? Shugaba ya ɗan gyara zama, sabon malami yana kallon farcensa. A'a, ba ɓata ta yi ba, ku kwantar da hankalinku. Malami yana da ikon ya yi shiru a ajinsa.

Littafi ya ba hanyar nan dogon suna. Ita tun da can hujjar tsani take ce mata. Abu biyu kawai. Ka nuna za ka iya taka matakin farko. Sannan ka nuna, duk matakin da kake a kai, akwai hanyar hawa na samansa. In ka nuna biyun nan, an gama, tsanin duka naka ne ko da ya kai sama ta bakwai. Da can jawabi take yi a nan, mai daɗi, har da tafiya daga wannan bango zuwa wancan. Yau kalmomin a ƙirge suke kamar maganin asibiti. Sai ta zaɓa. Mataki… na farko. Ɗaya. Ɗaya sau ɗaya, ɗaya. Ya yi? Ya yi, Malama.

Yanzu babban. A hankali. Ta yi wannan a tsakar gida har maigida ya haddace, har yana tambayar ta da safe, ya kwanan k ɗin naki? Mu ɗauka… gaskiya ne… a kan wata lamba. Mu kira ta k. Wato na farko guda k sun ba da k sau k. Allin yana tafiya, yana kuka kaɗan. To wace lambar mara ce ke biye? Bayan guda biyu, biyar ce ta zo — biyu sau biyu da ɗaya. Bayan guda uku, bakwai — biyu sau uku da ɗaya. Bayan guda k fa? Ta juyo, ta buɗe baki, ga maganar a shirye, sarai take ganin ta —

"Buta sau k."

Buta.

Innalillahi. Buta! Daga ina? Biyu ta aika, buta ta iso. Wani yaro a layin bango ya fashe, ya toshe baki da hannu biyu, na kusa da shi ya sakar masa gwiwar hannu a haƙarƙari. Sai shiru. Irin shirun nan mai nauyi, na gidan rasuwa. Kowa ya sunkuyar da kai, har Shugaba ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Wannan shirun ne zai kai ta ɗakin karatu, ba butar ba. Gara dariyar. Sau dubu gara dariyar — wanda ake wa dariya da sauransa, wanda ake sunkuyar wa da kai an riga an sallame shi.

Numfashi. Leɓe a haɗe, a sake, kamar yadda yarinyar asibiti ta koya mata.

"Biyu," ta ce. "Buta… tana gida."

Ajin ya ɓarke. Dariya ta gaske, ta ciki, har da buga benci, yaron layin bango kamar zai shiɗe. Ta bar su. Ta ɗaga gira ɗaya — wadda ke ɗaguwa — sai suka yi tsit, irin tsit ɗin da, na tsoro. Alhamdulillahi. Girar tana aiki. Da kana nan ka gani, maigida. Kai da ka ce in na ga abin zai gagara in ce kaina ke ciwo.

Biyu sau k, a ƙara ɗaya. Ta rubuta. Saura a haɗa, saura…

Hannu a sama. Bakin taga, wata siririya mai tabon alli a goshi, ba ta san ta ba, cikin rashin lafiyarta aka kawo ta. Sabon malami yana yi mata alama da ido ta sauke. Kai, bar ta! Ajinka ne?

"Malama, ki yi haƙuri. Abin da muke so mu tabbatar, shi kika ce mu ɗauka gaskiya ne. To ai kamar mun ba kanmu amsa ke nan."

Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya yi wa uwar da ta haife ki albarka. Shekara uku, huɗu, sai a wuce ba a samu mai yin tambayar nan ba. Kowa ya kwafa ya haddace ya ci jarrabawa ya tafi da ramin a cikin kansa. Yau, yau da bakinta ke rabi, yau aka aiko mata da ita. Tana da amsa. Tana da amsa mai kyau, ta sha ba da ita, tana farawa da… da… Ga ta can gaba ɗayanta kamar gari a hayin kogi, fitilu a kunne, ba gada. Jimla biyar ce ko shida, masu rassa, masu amma da saboda haka. Ba za su fito ba. In ta gwada, buta za ta kawo 'yan'uwanta.

Ƙafar dama ta fara rawa. Yarinyar na tsaye tana jira, ta fara nadamar tambayar, ana gani a fuskarta. Kada ki zauna. Kada ki kuskura ki ce ba komai Malama.

Kalma ɗaya. Duk jawabin nan na shekaru, in an tatse shi, kalma ɗaya ce a ciki. Ta juya ga allo, ta kwantar da allin a gefensa don ya yi kauri, ta rubuta da manyan baƙaƙe har hannu ya gaji: IDAN.

"Ban ce… haka ne ba. Na ce… idan."

Yarinyar ba ta gamsu ba. Madalla, kada ki gamsu da wuri. To bari.

"Doka," ta ce wa ajin duka. "Idan… na gabanka… ya tashi… ka tashi."

Ta maimaita. Sun ji? Sun ji. Suna kallon juna, suna kallon ƙeyar na gabansu. Ba wanda ya motsa. Layi biyar, kowane daga gaban allo har bango, kowa a zaune daram. Ta bar shirun ya yi tsawo — wannan shirun nata ne, ita ta yi shi. Dokar ƙarya ce? A'a, Malama. Wani ya karya ta? A'a. To ga doka gaskiya, ga kowa a zaune. Idan ba ta ce kowa ya tashi ba. Hanya kawai ta shimfiɗa daga wannan zuwa wancan.

Yanzu sai tafiya. Daga allo zuwa bencin farko, wurin da da can taku biyu ne. Sandar da take dogarawa tana jingine can, ba za ta ɗauka ba. Hagu, a jawo dama. Hagu, a jawo dama. Takalmin na gogar siminti, kowa na ji, to su ji. Wane layi? Ta sani tun kafin ta taso. Allah ya yafe mata, ta sani. Layi na biyu daga ƙofa. Ta ɗora yatsa a kafaɗar yaron gaba: tashi.

Ya tashi. Ta bayansa ta yi ɗan jim, ta tashi. Na bayanta. Na bayansa. Abin yana tafiya kamar an kunna wuta a busasshiyar ciyawa, benci na ƙara, ana dariya ƙasa-ƙasa, yana tafiya, yana tafiya, har ya kai yaron da ke gaban bencin ƙarshe, ya miƙe — sai kowa ya waiwaya.

Shugaba.

Yana zaune da takardarsa a hannu. Ya dubi bayan yaron da ke tsaye a gabansa. Ya dube ta. Ta dube shi. Doka ce, kuma da kunnensa ya ji. Na gabanka ya tashi, ɗana. Ko an ba shugabanni rangwame a lissafi?

Gwiwarsa ta bugi teburin, biro ya faɗi, ya dafa bango — ya miƙe. Tsaye, da tumbinsa da furfurarsa, hannu a gefe kamar ranar da ta kama shi yana cin gyaɗa a aji. Yara kamar su tsage rufin. Shi ma dariyar yake yi, yana girgiza kai, yana share ido da bayan hannu.

Ta nuna sauran layukan huɗu, duk a zaune. Ta dubi yarinyar bakin taga. Su fa? Doka ɗaya aka ba kowa. Me ya hana su?

Yarinyar ta waiga. Ta dubi layin da ke tsaye, ta dubi nata. Ga shi nan yana zuwa… ga shi… wannan hasken, tun daga goshi yake saukowa —

"Ba wanda ya fara! Malama, su ba wanda ya fara musu! Dokar ita ce idan ɗin, na farkon kuma shi ne ɗaya sau ɗaya. Sai an haɗa biyun!"

Sai an haɗa biyun. Ji yadda ta faɗa, a dunƙule, ba ko ɓawo. Ita kanta a shekarun da bakinta ke gudu kamar famfo ba ta taɓa faɗar sa a gajarce haka ba. Ta yi ta zuba jawabi, ashe jawabin ne ke tare musu hanya? Wannan abin dubawa ne. Ba yau ba.

Komawa allo ta fi zuwa wuya. Gumi na bin bayanta, ƙafar kamar an ɗaura mata buhun yashi. Kada ki dafa benci. To, dafa kaɗan, da yatsa biyu, kamar mai duba ƙura. Saura layi ɗaya. k sau k, da biyu sau k, da ɗaya. Ta rubuta a gefe: k da ɗaya, sau k da ɗaya. Ku buɗe shi. Kawuna sun sunkuya — wannan sunkuyawar ce take so, ta masu aiki — biro na ƙara a kan takarda, sai ga muryoyi daga nan da can: iri ɗaya ne! Malama, shi ne! Shi ne mana. Idan ya yi a kan k, ya yi a kan na gabansa. Ya yi a kan ɗaya. Saboda haka biyu, saboda haka uku, saboda haka lambar da ba wanda ya taɓa ƙirgawa, wadda duk jikokinsu ba za su kai gare ta ba — ita ma ta shigo hannu, yau, a ɗakin nan mai tagar da ba ta rufuwa, da hannun hagu.

Ta ja layi biyu a ƙasa. Na biyun ya gangara. An gama.

Ƙararrawa. Tun yaushe? Kamar yanzu ta shigo. Suna fita, suna ratsawa ta gabanta, sai gobe Malama, sai gobe Malama, da ƙarfi, ba lallaɓawa, wani ma har ya bangaji tebur bai ce yi haƙuri ba. Can a baranda tana jin ana cewa buta sau k, ana shewa. Shi ke nan, an samu sabon suna. Wannan ma za ta ɗauka.

Shugaba ya iso, ya rusuna kamar yadda ya saba.

"Malama, kin tsayar da ni gaban yarana."

"Doka ce."

"Doka ce," ya ce, yana dariya, idon ja. Sai dariyar ta ɗan janye. "Zan gaya wa hukuma abin da na gani, wallahi duka zan faɗa. Sai dai kin san ba ni kaɗai ke yankewa ba. Za su ce darasi ɗaya ne, za su yi maganar mako, su yi maganar zango…"

Za su ce ɗaya ne. E. Ita ta koya masa kada ya yarda da misali ɗaya, yanzu ta ce masa me? Ta gyaɗa kai. Sabon malami na bayansa yana murza hannu, wai ko za ta ba shi izini ya yi wannan na tashi-tashin a ɗaya ajin. Yi mana, ɗana. Ba gadon gidanmu ba ne. Yaron kirki ne ashe, rubutun ne dai sai addu'a.

Sun fita. Za su aika a kira maigida ya shigo da mota har bakin baranda. Ta ce to.

Ɗakin ya yi faɗi. Ƙurar alli na yawo cikin hasken taga. Ta jingina kafaɗa da bango, nan gefen allo inda ba mai gani daga waje, ta bar ƙafar ta yi rawarta son ranta. Yi, yanzu kin samu dama. Allon ne a gabanta, cike, daga sama har ƙasa, duk nata. Bari ta kalle shi ko sau ɗaya kafin a goge. Ga ɗaya, ga uku, ga IDAN ɗin nan ƙato kamar allon talla. Ga layin sama, maganar gaba ɗaya, n sau…

Tsaya.

Wannan alamar. Tsakanin n da n. Sau ta rubuta — sau ta yi niyya, sanda biyu a gicciye — amma da ta miƙa hannu sama ya karkace, alamar ta mirgina ta zauna daram a kan ƙafa ɗaya. Tarawa. Duk wanda ya kalla, tarawa zai gani. n da n.

Tun farkon darasi yana nan. A saman komai. Shugaba bai gani ba? Sabon malami fa, shi da ke kallon kowane layi? Ko sun gani suka… a'a. A'a, kada ta bi wannan hanyar. Yaran fa? Da baki sun ce sau, sun ji, sun gane. Amma akwai masu kwafa da ido kawai, kullum akwai, 'yan layin bango, abin da ke allo shi ne gaskiyarsu. Su je gida su gwada da biyu — biyu da biyu huɗu, biyu sau biyu huɗu, mugun wuri, zai yi musu daidai, su rufe littafi su kwanta da kuskure a ciki…

Ita ta gani dai. Ba wanda ya nuna mata. Daga nan ƙasa, da ido ɗaya da rabi, a gajiye — ita ta kama shi.

Dole gobe ta karɓi littattafansu, ɗaya bayan ɗaya, tun daga layin bango. Gobe da farkon shiga, kafin komai. Gobe… wa ya ce mata akwai gobe a ajin nan? Ba wanda ya ce. Yaran ne kawai suka ce.

Ga ƙarar motar can tana tahowa, tana tari kamar mai ita. Kafin ya iso. Allin na hannunta har yanzu, ya jiƙe da gumi, saura ɗan guntu. Goge ɗaya da gefen hannu, sanda biyu, shi ke nan. Ta ɗago daga bangon. Hannun ya tashi, ya kai kafaɗa, ya wuce kaɗan… ya tsaya… ɗazu ai ya kai, ɗazun nan ya kai can…